Hattara da dillalan da ke ɓoye hayaƙin mota da mai mai kauri

Jama'a, assalamu alaikum. Abin da aka yi wa ƙanena ne ya sa na zauna rubuta wannan, kuma har yanzu raina a ɓace yake. Ba zan kama sunan dillalin ko filin da yake ajiye motoci a nan Kano ba, tunda maganar tana hannun manya. Ba shi kaɗai ke wannan aika-aikar ba, don haka dabarar ce ya kamata ku sani.

Yaron nan ya shekara uku yana tara kuɗi, ya sayar da babur ɗinsa ya cika, don ya samu motar hannu da zai riƙa jigila tsakanin Kano da Zariya. Dillalin ya ce mu zo bayan azahar. Muka tarar da motar a kunne, wai an kunna mata sanyi ne don kada zafi ya dame mu. An wanke injin tas, yana ƙyalli. Ni da kaina na tsuguna a bayanta, aka taka totur, ban ga hayaƙin da zai ɗaga min hankali ba. Makaniken da dillalin ya kira ya kara kunne ya ce, "Alhaji, ko 'yar Kwatano sai haka." Ana cikin haka wayar dillalin ta yi ƙara, ya ce ga wani nan tafe da kuɗi a hannu. Muka biya.

Bayan mako guda ƙanena ya kai ta sabis. Da aka kwance ƙusar ƙasa ta juye man inji, man da ya fito ya ƙi gudu, yana dalala kamar zuma, ga wari irin na man giyar mota. Aka zuba sabon baƙin mai daidai da wanda injin ke buƙata. Washegari da asuba ya tayar da ita, hayaƙi shuɗi-shuɗi ya turnuƙe ƙofar gida, har maƙwabta suka leƙo. Kafin ya yi sawu biyu zuwa Zariya, geji ya nuna mai ya sauka ƙasa da alama.

Wani dattijon makanike da mahaifinmu ya daɗe yana hulɗa da shi ne ya warware mana zare da abawa. Ya ce, "Ɗana, injin nan ya gaji tun kafin ku gan shi." Idan ringin fistin, wato zoben ƙarfen da ke tare mai a cikin inji, ya cinye, mai yana sulalewa ya hau inda fetur ke ƙonewa, ya ƙone tare da shi, shi ne hayaƙin nan mai ruwan bula da ƙaurin mai. To mai mai kauri ba ya saurin bi ta wannan ratar. Sai macuci ya gauraya man giya, ko ya juye gwangwanin maganin nan mai yauƙi guda biyu ko uku, hayaƙin ya lafa na 'yan kwanaki. Ya kuma tayar da motar kafin ka iso, domin idan inji ya ɗauki zafi ƙarfe yana buɗewa ya rage ratar, kuma abin nan na cikin salansa da makanikai ke kira indomi sai ya yi zafi yake ƙone wani ɓangare na hayaƙin. Wankin injin kuma don kada ka ga inda mai ke yoyo ne. Ɓarnar ba ta tsaya a yaudara ba: man da ya yi kauri haka yana jinkirin isa saman inji da safe, ƙarfe na gugar ƙarfe kafin ya iso.

Don Allah duk wanda zai sayi tsohuwar mota, ya ce sai da sassafe, kuma shi zai fara tayar da ita. Ka buɗe bonet ka taɓa injin da bayan hannunka. In ka ji ɗumi, an riga ka, ka ce za ka dawo gobe. Ka zaro geji ka murza man a yatsa, ka sansana. Sannan wani ya tayar, kai kana tsaye a baya.

Launin hayaƙin shi ne zai gaya maka gaskiya. Baƙi yana nuna fetur ko gas ya yi yawa, sau da yawa matsalar nozul ce ko matatar iska da ta toshe, kuma gyaransa bai cika tsada ba. Fari siriri da ke ɓacewa nan take da sanyin hunturu tururi ne kawai. Amma fari mai kauri da ba ya yankewa, ga ruwan lagireto na raguwa, ga man ya koma kalar shayi mai madara, galibi gasket ɗin saman inji ne ya ƙone. Shuɗin shi ne na cin mai, kuma shi ma iri biyu ne. In ya fito da farko sannan ya ɗauke, ko ya buso bayan mota ta daɗe a silo, wato a kunne tana tsaye, ka taka totur, galibi robobin bawul ne suka bushe, mai ya ɗiga cikin silinda. In kuwa yana ƙaruwa duk lokacin da ka taka a kan hanya, ringi ake zargi. Ka cire murfin zuba mai inji na aiki. In yana huci da ƙarfi kamar tukunya a kan wuta, alama ce mara kyau. A kwance fulogi a duba ko ya jiƙe da mai. Makanike na gari yana da ma'aunin matsin silinda: zai gwada, ya ɗiga mai kamar cokali guda ta ramin fulogi ya sake gwadawa, in matsin ya tashi sosai, ringi ne. Kuma makaniken ya zama naka, kai ka zo da shi.

Masu sha'awar Camry ta 2007 zuwa 2009 mai inji 2.4 su ƙara lura, domin Toyota da kanta ta amince cewa wasu daga cikin injinan nan suna shan mai saboda fistin da ringinsu, har ta fitar da tsarin gyara a Amurka. Mai yiwuwa wasu sun iso nan ba a gyara su ba.

Da muka koma wurin dillalin, ya rantse ya maya cewa mai sabis ne ya lalata injin. Daga baya ya sassauta murya, ya miƙa wa ƙanena wata kwalba wai maganin hayaƙi, ya ce in ba ta yi ba yana da aboki mai injin Beljiyom, wato na hannu daga waje, da zai yi masa ragi. Wannan tarko na biyu ne. Babu abin da za a zuba daga kwalba ya mayar da ƙarfen da ya cinye, kuma akwai masu wanke injin da aka cire a nan gida su ce daga waje ya zo. Kada kuma ku yarda a farke inji kafin a duba ɗan bawul ɗin numfashi da ke kan murfin inji, wanda ake kira PCV, domin in ya lalace shi kaɗai yana iya sa mota shan mai.

A tamu motar an duba, ba shi ba ne. Ringi ne, silinda biyu ma sun karce. Tana gareji yau kwana 19, ƙanena kuma ya koma aron babur. Shekaranjiya na bi ta gaban filin da rana tsaka, na ga wata motar a kunne, wani bawan Allah na zagaya ta.