Shafin Pew Research Center da ƙuri'ar 'yan Latino a zaɓen fidda gwani: abin da yake bayarwa da inda ya gaza

Duk lokacin da kakar zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa ta kama a Amurka, kafofin yaɗa labarai sukan cika da maganar ƙuri'ar 'yan Latino, wato Amurkawa masu tushe daga Meziko da Kyuba da Fotoriko da sauran yankunan da ake jin Sifaniyanci, kamar wata dunƙulalliyar kadara ce da ɗan takara zai miƙa hannu ya ɗauka. Mai son rarrabe gaskiya daga hayaniyar masu sharhi, a ganina, ya fara da shafin intanet na cibiyar bincike ta Pew Research Center da ke birnin Washington, wadda ta ware sashe guda domin wannan al'umma, kuma kyauta ake karanta rahotanninta.

Ƙarfin shafin yana wajen ƙidaya. Cibiyar ta ƙiyasta cewa 'yan Latino da suka cancanci jefa ƙuri'a sun kai miliyan 27.3 a 2016, suka haura zuwa kimanin miliyan 32 a 2020, sannan miliyan 36.2 a 2024. Sai dai ga mai bibiyar fidda gwani, rabon da shafin yake yi jiha-jiha ya fi wannan jimlar amfani, domin wakilan da za su tsayar da ɗan takara a babban taron jam'iyya ake nema, kuma a jihohi ake samun su. A 2022 Kalifoniya tana da irin waɗannan masu zaɓe miliyan 8.5, Teksas miliyan 6.5, Fulorida kuwa miliyan 3.5. Da yake Kalifoniya da Teksas sun yi zaɓensu rana ɗaya a 2020 da 2024, a Talatar nan ta farkon watan Maris da jihohi da yawa suke fita tare, mutum zai gane dalilin da ya sa ɗan takarar da ya haskaka a Iowa da New Hampshire, inda farar fata suka fi rinjaye, yake iya tarar da wani fage dabam cikin 'yan makonni.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda binciken cibiyar, wanda ake gudanarwa da Ingilishi da Sifaniyanci, yake rarraba mutane bisa ƙasar asali da shekaru da kuma ko a Amurka aka haife su. Da wannan rabon ne tarihin 'yan shekarun nan yake fitowa fili. A fidda gwanin jam'iyyar Democrat na 2008 Hillary Clinton ta doke Barack Obama da kusan ninki biyu a tsakanin 'yan Latino na Kalifoniya da Teksas. A 2020 kuma Bernie Sanders ya samu kusan rabin ƙuri'unsu a Nebada, duk da cewa shugabannin ƙungiyar ma'aikatan otal da gidajen abinci ta Las Vegas sun fito sun soki tsarinsa na inshorar lafiya. Da yawa daga cikin masu gyaran ɗakuna da masu girki sun fito daga wajen aiki da rigunan aikinsu, suka tsaya a ɓangarensa. Ba a cika wata guda ba Joe Biden ya yi masa fintinkau a Fulorida, inda kalaman Sanders kan shirin yaƙi da jahilci na Fidel Castro suka ɓata wa masu tushen Kyuba rai.

Gazawar shafin ita ce ba a gina shi domin daren zaɓe ba. Pew ba ta tsayawa a bakin rumfa tana tambayar masu zaɓe, wannan aikin kamfanin Edison Research ne ya yi wa manyan tashoshin talabijin a waɗannan zaɓukan, kuma alƙalumansa kan 'yan Latino sukan jawo gardama. A Nebada a 2016 binciken bakin rumfa ya ba Sanders kashi 53 na ƙuri'un 'yan Latino, Clinton kashi 45, amma kwamitin yaƙin neman zaɓenta ya ƙi yarda, yana nuni da cewa ita ce ta lashe unguwannin da 'yan Latino suka fi yawa. Wanda ya garzaya shafin Pew domin a raba masa irin wannan gardama zai koma hannu rabbana, tunda bincikenta na tantatattun masu zaɓe, wato waɗanda rajistar zaɓe ta tabbatar sun jefa ƙuri'a, babban zaɓe yake dubawa, kuma sai bayan watanni yake fitowa. Binciken da ya nuna Kamala Harris da kashi 51, Donald Trump da 48 a tsakanin 'yan Latino a 2024, sai a tsakiyar 2025 aka wallafa shi.

Akwai kuma tarkon da mai karatu zai iya faɗawa da kansa, domin cancantar zaɓe dabam, fitowa zaɓe dabam. Hukumar ƙidayar Amurka ta ce kimanin kashi 54 na 'yan Latino da suka cancanta ne suka fita a babban zaɓen 2020, kuma fidda gwani bai taɓa jan jama'a kamar babban zaɓe ba. Ɗan jarida ko ɗalibin siyasa da zai ɗauki alƙaluman Pew, wajibi ne ya haɗa su da sakamakon gundumomi da hukumomin zaɓen jihohi suke fitarwa kafin ya ce ga wanda 'yan Latino suka mara wa baya.