Zariya, Ilori, NDA ko Ƙasar Waje: Abin da Ya Kamata a Auna Kafin a Sa Yaro Koyon Tuƙin Jirgin Sama

Iyayen da ɗansu ko 'yarsu ta nuna sha'awar tuƙin jirgin sama sukan fara da tambayar kuɗin makaranta, alhali kuwa akwai abin da ya riga wannan muhimmanci, wato gwajin lafiya. Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, ba ta ba kowa lasisin tuƙin jirgin haya sai yana riƙe da takardar lafiya mai daraja ta ɗaya, wadda likitocin da hukumar ta amince da su kaɗai ke bayarwa bayan sun duba ido da kunne da zuciya da hawan jini da sukari. Yaron da ba ya iya bambance ja da kore yana iya kaiwa shekara ashirin bai san da matsalar ba, kuma ita kaɗai ta isa ta tsayar da tafiyar, domin fitilun titin sauka da na jikin jirgi da launi suke ba da saƙo. Sa tabarau ba ya hana mutum zama matuƙi a ɓangaren farar hula matuƙar gilashin yana gyara ganin yadda ake buƙata. Saboda haka shawarata ita ce a yi wannan gwaji tun kafin a sayi fom ko a sayar da fili.

Hanya ta farko ta koyon tuƙin jirgi ita ce ta soja, kuma a nan ne ake yawan samun rashin fahimta. Makarantar sakandaren sojin sama da ke Jos, ta maza da ta mata, tana ɗaukar yara bayan firamare, tana ba su tarbiyya da fareti da karatun sakandare mai inganci, amma ba makarantar koyon tuƙi ba ce, kuma wanda ya gama ta ba ya fita da lasisi. Wanda yake son ya tuƙa jirgin yaƙi sai ya nemi Makarantar Horar da Hafsoshin Soja da ke Kaduna, NDA, wadda aka kafa a 1964, ta hanyar jarrabawar JAMB da tantancewar makarantar, ya kuma samu gurbi a ɓangaren sojin sama. Ko a cikin waɗanda suka samu gurbin, ba kowa ake zaɓa domin tuƙi ba. Wasu injiniyoyi suke zama, wasu ma'aikatan gudanarwa. Waɗanda aka zaɓa su ne ake kai wa makarantar koyon tuƙi ta rundunar a Kaduna, daga nan wasu su wuce Kano domin jiragen yaƙi, wasu Inugu domin jirage masu saukar ungulu. Babban alherin wannan hanya shi ne gwamnati ce ke ɗaukar nauyin horon baki ɗaya. Abin da ake biya a madadin kuɗi shi ne shekarun aiki a ƙarƙashin umarni, tare da yiwuwar a tura mutum fagen daga a Borno ko Zamfara, kuma uban da ya tura ɗansa domin kawai ba shi da kuɗin makarantar farar hula, ba tare da yaron yana son aikin soja a ransa ba, bai yi masa adalci ba.

Hanya ta biyu ita ce Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama da ke Zariya, NCAT, wadda aka kafa da doka a 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO. Mallakar gwamnatin tarayya ce, kuma matuƙa da yawa da suka yi aiki a tsohon kamfanin Nigeria Airways a can suka koya. Ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi da Fiziks, sannan a yi jarrabawar shiga da ganawa. Ga mutumin Kano ko Katsina ko Sakkwato, kusancinta da gida ba ƙaramin sauƙi ba ne, musamman idan ɗalibar mace ce kuma iyaye suna son su riƙa leƙa ta. Wata fa'idar da ba a cika ambata ba ita ce kwalejin tana koyar da wasu sana'o'in da suka shafi jirgi, kamar gyaran jirgi, da kula da zirga-zirgar jirage daga hasumiya, da tsara tafiyar jirgi, da aikin ma'aikatan cikin jirgi. Wanda gwajin lafiya ya hana shi tuƙi yana iya samun abin yi a gyaran jirgi ko tsara tafiya, kuma kuɗin waɗannan kwasa-kwasai bai kai na tuƙi ba ko kusa.

Akwai kuma Kwalejin Sufurin Jiragen Sama da ke Ilori, wadda gwamnatin Jihar Kwara ta kafa. Ta fi Zariya ƙuruciya da ƙanƙanta, ta kuma fi mayar da hankali ga tuƙi, kuma lasisin da ɗalibanta ke samu na NCAA ne, daidai da na Zariya.

Tsakanin waɗannan biyu, da ma kowace makaranta, abin da ya kamata a kwatanta shi ne saurin cika sa'o'in tashi, domin lasisi da sa'o'i ake samunsa. A ƙa'idar ICAO, lasisin tuƙi na ƙashin kai yana buƙatar aƙalla sa'o'i 40 a sama da shekara 17 da haihuwa, na haya kuma sa'o'i 200, ko 150 idan a tsararren kwas ne da hukuma ta amince da shi, da shekara 18. Idan makaranta tana da ɗalibai masu yawa amma jirage biyu ne kawai ke tashi, kwas ɗin da aka rubuta shekara biyu a takarda yana iya kaiwa uku ko huɗu, kuma duk watan da ya ƙaru kuɗin abinci da masauki ne a wuyan iyaye, ga shi kuma hannun ɗalibi yana sanyi idan ya daɗe bai tashi ba, sai an maimaita masa darasi. Don haka idan an je ziyara, a tambayi jirage nawa ne suke aiki a wannan makon, malamai nawa ne, kuma yaushe rukunin ƙarshe da ya kammala ya fara karatu. A tambayi irin man da jiragen ke sha: tsofaffin ƙananan jiragen koyo suna amfani da wani fetur na musamman da ke wuyar samu a Najeriya, yayin da jiragen Diamond DA40 da DA42 masu injin dizal suke shan man manyan jirage da ake samu a kowane babban filin jirgi. A tambayi yadda suke yi lokacin hunturu, domin ɗalibi mai koyo da ido yake tuƙi, kuma idan hazo ya rufe Zariya daga Disamba zuwa Fabrairu ana iya yin kwanaki ba a ɗaga ba. Amsar da ta fi inganci tana bakin ɗaliban da ke cikin makarantar, don haka a nemi ganawa da su.

Hanya ta ƙarshe ita ce ƙasar waje, inda 'yan Najeriya suka fi zuwa Afirka ta Kudu da Amurka, gwamnatin Kano kuma ta taɓa tura matasa 100 zuwa Jodan a zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso. A can yanayi mai kyau da yawan jirage suna sa a gama da wuri, sau da yawa cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Haɗarin yana cikin canjin kuɗi, domin da kuɗin waje ake biya, kuma wanda ya yi lissafinsa kafin faɗuwar naira ta 2023 ya ga abin da ya tanada bai kai rabin tafiya ba. Kada a biya kuɗin kwas gaba ɗaya a dunƙule. A biya mataki-mataki, saboda makarantun tuƙi masu zaman kansu sukan rufe da kuɗin ɗalibai a hannunsu. Bayan dawowa kuma sai an mayar da lasisin na Najeriya ta hanyar jarrabawar NCAA.

Ko ta wace hanyar farar hula aka bi, lasisin haya ba ya kai mutum kujerar babban jirgin fasinja irin Boeing 737 kai tsaye. Akwai horo na musamman a kan nau'in jirgin da za a tuƙa, mai cin miliyoyin naira, wanda kamfanoni da yawa suke son sabon matuƙi ya biya da kansa, kuma rashin wannan kuɗi ne ya zaunar da matasa masu lasisi a gida shekara da shekaru. Idan gwamnatin jiha ko wani attajiri ya yi alkawarin ɗaukar nauyi, a nemi a rubuta ko tallafin ya haɗa da wannan mataki.

Game da kayan aiki, kada a yi gaggawar saye kafin makaranta ta ba da jerin abin da take buƙata. Na'urar kunne ta magana da hasumiya ita ce mai tsada a ciki: ta kamfanin David Clark mai sauƙin kuɗi tana da ƙarko kuma ta ishi ɗalibi, ta kamfanin Bose mai kashe ƙarar inji ta ninka ta kuɗi, ana iya jinkirta ta har a fara ɗaukar albashi. Littafin rubuta sa'o'in tashi kuwa a sayi mai ƙarfin bango, a riƙa ɗaukar hoton kowane shafi bayan malami ya sa hannu, domin shi NCAA da kamfanonin jirage za su duba kafin su yarda da sa'o'in da ɗalibi ya ce ya yi.