Gani ya kori ji, amma bai kori tef ɗin awo ba: zango guda da darussan bidiyo a ajin kimanta kadara

Na daɗe ina koyar da kimanta kadara, wato ƙiyasta darajar gine-gine da filaye, da alli da allo, kuma a kowane zango akwai ranar da nake fargaba. Ita ce ranar da zan fahimtar da ɗalibai cewa kuɗin da za a ba ka nan da shekara 10 bai kai irinsa da ke hannunka yau ba. Sai in cika allo da lissafi, in juyo in tarar ana kallona kamar ina magana da wani yare. A bana sashenmu ya yi rajista da wani kamfani mai sayar da darussan bidiyo na wannan fanni, aka ce in gwada su a ajina. Makonni 12 na yi ina amfani da su.

A cikin kayan akwai gajerun bayanai da zane mai motsi, akwai bidiyon zagaya gine-gine, daga gidajen zama da shaguna zuwa rumbun ajiyar kaya da otal guda, wasu ma an ɗauke su da kyamarar da ke kama ko'ina, ɗalibi ya riƙa juya hoton da yatsa. Sai hotunan sama da jirgi maras matuƙi ya ɗauka, da tambayoyi a ƙarshen kowane darasi.

Tun daga takardar tallarsu na kusa fasawa. Sun sa wannan zanen mai siffar dala da ya gama duniya, wai mutum yana riƙe kashi 10 na abin da ya karanta, kashi 50 na abin da ya gani kuma ya ji, suka jingina shi ga Edgar Dale, wani masanin harkar koyarwa ɗan Amurka. Shi Dale ya zana hotonsa a 1946, amma ko lamba ɗaya bai sa ba, daga baya wasu suka liƙa masa. Kamfanin da zai koyar da mutane bin diddigin hujja bai kamata ya buɗe ƙofarsa da alƙaluman da ba su da uba ba. Na dai danne zuciyata na ci gaba.

Kuma gaskiya a faɗe ta, a kan wancan darasin da nake tsoro sun fi ni. Zanen ya nuna 100 da za a karɓa nan da shekara 10, ana jawo ta baya shekara bayan shekara a kan ribar kashi 10 a shekara, tana tsukewa har ta tsaya kusan 39. Sannan aka zo ga gini mai kawo haya, da wani ɗan maɓalli da ake ja hagu da dama don canza kashin ribar da mai saye ke nema. A kashi 5, darajar ginin ta ninka hayar shekara sau 20. A kashi 8, sau 12.5. A kashi 10, sau 10 kacal. Hayar ba ta canza ba, ginin bai motsa ba, amma darajar tana hawa tana sauka a gaban idonsu. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe in mai saye ya ga haɗari ya nemi riba mai yawa, kuɗin da zai biya ne ke raguwa?" Abin da nake kwashe sa'o'i biyu ina kewaya ke nan, ta faɗe shi cikin numfashi ɗaya.

Wannan ba sihiri ba ne. Richard Mayer na Jami'ar Kaliforniya ya daɗe yana nuna cewa hoto da murya tare sun fi shiga kai, amma in ka haɗa hoto da murya da rubutu mai maimaita abin da muryar ke faɗi, ka ɗora wa mai koyo kaya. A darussan lissafi kamfanin ya kiyaye wannan. A darasin ma'anar darajar kasuwa kuwa sai suka manta, suka zaunar da wani bawan Allah yana karanta allo na kusan rabin sa'a. Binciken da Philip Guo da abokan aikinsa suka yi a 2014 a kan bidiyon edX, wani dandalin karatu ta intanet, ya nuna hankalin masu kallo yana fara kaucewa bayan kamar minti 6. Ajina bai saɓa ba. Ma'anar nan, wato farashin da za a daidaita a kai tsakanin mai saye da mai sayarwa da suka yarda da kansu, babu wata alaƙa a tsakaninsu, an tallata kadarar yadda ya kamata, kowa ya san abin da yake yi kuma ba tilas, magana ce da ake tauna gaɓa-gaɓa. Na kashe majigin na raba musu ita a takarda.

Bidiyon zagaya gine-gine su ne suka fi faranta mini rai, su ne kuma suka fi ba ni aiki. Ba zan iya kwasar aji guda in kai su otal ko rumbun kaya ba, ko an bar mu mun shiga rabinsu ba za su ji abin da nake cewa ba. A nan kowa ya ga abu ɗaya, a tsayar, a koma baya. Darasin kwatanta gidaje uku a layi ɗaya ya yi kyau ƙwarai. Daga ƙasa kamar 'yan uku, sai hoton sama ya nuna ɗaya yana kan kwana, ɗaya kuma bayansa magudanar ruwa ce. Haka darasin tsagewar bango, inda aka jera siririn tsagin filasta da ba ya nufin komai kusa da wanda ya taso a karkace daga kusurwar taga, ya fi faɗi ta gefe ɗaya, ana ganinsa ciki da waje, alamar harsashi ya motsa. Wannan bambancin ba ya zanuwa da alli.

To amma kyamara tana da nata ƙaryar. Na sa su ƙiyasta faɗin wani falo daga bidiyon, kusan kowa ya zarce, don kyamara mai faɗin gani tana buɗa ɗaki. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai wannan idon na aro ne. Washegari na ɗauki ajinmu da waya ta irin wannan salon, na nuna musu, sannan na ba su tef suka auna da hannunsu. Daga nan muka shiga bambancin awo daga wajen bango, da awo daga ciki, da abin da ya rage in an cire matattakala da banɗaki da ginshiƙai, tunda kowanne da inda ake amfani da shi. Bidiyo ba ya kawo warin laima. Ba ya ba ka damar ƙwanƙwasa tayil ka ji ko ƙarƙashinsa rami ne. Abin da ya fi ba ni haushi, sun shimfiɗa kiɗa mai sanyi a kan kowane zagaye, alhali hayaniyar titi da ta maƙwabta tana cikin abin da ke rage daraja. Kuma mai kallo yana ganin inda mai kyamara ya ga dama ne kawai, shi kuwa mai kimantawa aikinsa leƙa inda ba a gayyace shi ba, bayan kabad, cikin silin, ƙarƙashin wurin wanke-wanke.

Babban aibun kayan yana ƙarshen kowane darasi. Mai gabatarwa zai ce darajar ginin kaza ce, alamar kore ta fito, an wuce wurin. Ɗalibai suka fara ɗauka akwai amsa guda da ke ɓoye, aikinsu su gano ta. Alhali kimantawa ra'ayi ne na gwani da ya tsaya kan hujja, ƙwararru biyu suna iya duba gini ɗaya su saɓa ba tare da wani ya yi sakaci ba. Wata kotu a Ingila ta yarda da haka tun 1977, inda ta karɓi tazarar kusan kashi 10 sama ko ƙasa, har 15 in lamarin na daban ne. Wannan aibun ya fi fitowa a hanyar ragowa, wadda ake kimanta filin da za a gina da ita. Bidiyon ya nuna ta kamar ɗebewar 'yan firamare: gini in an gama ya kai 100, kuɗin aiki da ribar mai ginin 80, saura 20 na fili. Bai ce musu in wannan 80 ɗin ya ƙaru da kashi 5 kawai, ya zama 84, fili ya koma 16 ba, wato kashi ɗaya cikin biyar ya tafi. Maɓallin nan da suka sa a darasin haya, a nan ya fi cancanta, kuma babu shi.

Daga mako na biyar na canza salo. Ina kashe sautin zagayen, in tsayar da bidiyon kafin a faɗi adadi, kowa ya rubuta nasa da dalilai uku. In jera adadin a allo daga ƙarami zuwa babba, in ce mai na ƙasa da mai na sama su fito su kare kansu. Gardamar da ake yi a nan ta fi duk abin da ke cikin kayan amfani, amma ba don bidiyon ba da babu ginin da za a yi gardama a kansa.

Sauran ƙorafin ƙanana ne. Cikin hanyoyi biyar da aka saba koyarwa, hanyar kwatantawa da hanyar haya sun samu kulawa, hanyar riba ta tsaya a otal guda, hanyar kuɗin gini kuwa, wadda ake komawa gare ta a kan makaranta ko asibiti da ba a cika sayarwa ba, an shafa ta ne kawai. Misalan yarjejeniyar haya sun ginu a kan dokar ƙasa ɗaya, dole malami ya riƙa gyara. Ba a iya sauke bidiyon, in intanet ya yi rauni sai a zauna kallon da'ira tana juyawa.

Na ba sashen shawarar a sabunta rajistar, da niyyar amfani da kamar rabin darussan. Na kuma rubuta wa kamfanin ina roƙon su cire kiɗan, su bar sautin wurin yadda yake, su ba malami damar ɓoye adadin ƙarshe. Sun amsa cewa za su duba maganar adadin. A kan kiɗan ba su ce komai ba.