Hoton dutse ko hoton gari?

Mai sha'awar tsofaffin hotuna na farkon ƙarni na 20 yakan rasa wanda zai fifita tsakanin hotunan manyan duwatsu da na rayuwar cikin gari.

Na duwatsu sun fi ɗaukar ido, sun kuma fi cin wahala. Vittorio Sella, mai ɗaukar hoto ɗan Italiya, ya bi tawagar yarima Luigi Amedeo zuwa duwatsun Ruwenzori na Afirka a 1906, sannan yankin dutsen K2 na Asiya a 1909, da kyamara mai nauyi da farantan gilashi na ɗaukar hoto waɗanda tuntuɓe ɗaya ya isa ya fasa. Da yake dutse ba ya motsi, hoton kan fito tas. Yau masana na jera irin waɗannan da sababbi don ganin yadda ƙanƙarar kan duwatsu ta ja baya.

Na gari kuwa ba kasafai suke da wannan kyau ba. Mai wucewa ya motsa, fuskarsa ta dushe, yara sun yi cirko-cirko suna kallon kyamara. Amma ni dai su na fi so, domin sun fi ba da labari. Hotunan Eugène Atget na lungunan Paris sun adana 'yan talla, ƙofofin shaguna da gine-ginen da aka rushe daga baya. Dutse ana iya komawa a sake ɗaukarsa, mai talla kuwa ya riga ya wuce. Ga sauƙi kuma: da kamfanin Kodak ya fito da kyamarar Brownie a 1900 kan dala 1, mai ƙaramin ƙarfi ma ya samu damar ɗaukar layin gidansu.