Dominion, Star Realms ko Aeon's End: wanne ne ba zai haɗa ku gardama ba?

Duk ukun wasannin kati ne, kuma tsarinsu ɗaya ne. Da kati 10 marasa ƙarfi za ka fara, kana sayen sababbi kana ƙarawa a tarinka. Inda suka rabu shi ne yadda ake bin sawun kati idan ya tashi daga nan ya koma can, kuma a nan rigima ke ɓarkewa.

Dominion, wanda Donald X. Vaccarino ya ƙirƙira, ya fito a 2008, kuma shi ne ya fi tsauri. Katin da zai ɗauke wani dole ya same shi a inda yake tsammani. In wani abu ya riga ya kawar da shi, shi ke nan, ba ya iya taɓa shi. Ka ɗora katin Throne Room (mai sa a buga wani kati sau biyu) a kan katin Mining Village ka gani: karo na farko ka jefa Mining Village shara ka karɓi kuɗi 2, karo na biyu babu abin jefawa, don haka babu kuɗin, sai dai ka ja kati ka samu ƙarin damar bugawa. Tarin da ka zubar ma na sama kaɗai ake gani. Akwatin farko mai kati 500 ba kasafai yake kai mutum ga wannan ba, sai an fara haɗa shi da akwatunan ƙarin kati irin su Intrigue ko Dark Ages. In za ka saya, nemi bugu na biyu na 2016, ka kuma sani an sake wa wannan dokar ta bin sawun kati lafazi a 2019, kada tsohuwar takarda ta ruɗe ku.

Star Realms na 2014 ba shi da wannan wahalar. Mutum 2, ƙaramin kwali, kati 5 a jere a kasuwa, wanda aka cire daga wasa kuma ya fita ke nan. Ga sabon shiga, shi zan zaɓa.

Aeon's End na 2016 kuwa ba a gauraya tarin ɗan wasa sam. Idan ya ƙare, juya abin da ka zubar kawai za ka yi, saboda haka jerin da ka ajiye su shi zai dawo hannunka. Mai son lissafi zai ji daɗinsa, amma hannu ɗaya ya yamutsa tarin, shiri ya lalace. Sauƙinsa, ku duka ɓangare ɗaya kuke kuna yaƙar dodo guda, babu mai riba in ya yi maguɗi.