Bodari ya yi wa karen jikoki feshi: me ya kamata a saya a ajiye?

Duk wanda ya zauna a unguwannin bayan gari a Amurka ko kudancin Kanada ya san warin nan, ko da bai taɓa ganin mai shi ba. Kana tafe a mota da daddare, gilasai a rufe, sai ka ji hanci ya ɗauka, kamar an ƙona taya an watsa mata ruɓaɓɓiyar tafarnuwa. Bodarin ƙasar nan ke nan, baƙi mai farin zane biyu a gadon baya, girmansa bai wuce na kyanwa ba. Shi da namu na dajin Arewa ba danginsu ɗaya ba, amma makaminsu iri ɗaya ne.

Da kakanni nake maganar nan, domin mu ne a gida. 'Ya'yanmu na aikin dare, wannan a asibiti, wancan a kan sitiyari, bodari kuwa daga magariba yake fita kiwo har asuba. Yawancinmu ba mu tashi da kare a cikin gida ba. Jikoki haifaffun nan ne suka nace sai an kawo, aka yi sulhu a kan zai zauna a bayan gida ko a gareji. To, ran da aka buɗe masa ƙofa ƙarfe goma na dare ya dawo yana atishawa yana dirza fuska a ƙasa, Kaka za a ƙwala wa kira. Saboda haka da abu biyu nake auna duk abin da zan saya: ƙarfinsa a kan warin, da kuma ko tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta iya aiki da shi ita kaɗai, yara na zagaye da ita, kantuna sun rufe.

Kafin a kashe ko dala ɗaya, a san abin da ake faɗa da shi. Abin da bodari ke fesawa mai ne, rawaya-rawaya, daga wasu jakunkuna biyu a ƙarƙashin wutsiyarsa, kuma yana iya saita fuskar kare daga nisan mita 3 ya same ta. Warin na fitowa ne daga wasu sinadarai masu farar wuta da ake kira tayol. Mai da ruwa ba sa ga maciji, don haka wanda ya fara da sheƙa wa kare ruwa da tiyo ya baza man ne daga wuya zuwa ciki. Sannan akwai wanda ke kwanton ɓauna. William Wood, masanin sinadarai a jami'ar Humboldt ta jihar Kalifoniya, ya nuna a 1990 cewa a cikin man akwai wasu sinadaran da ba su da wari sosai da farko, sai sun gamu da ruwa suke rikiɗewa su koma tayol. Shi ya sa kare kan yi kamar ya rabu da abin, bayan makonni ruwan sama ya taɓa shi, gida ya sake ɗauka.

Maƙwabci Ba'amurke zai ce a yi masa wanka da ruwan tumatir. Kada ku ɓata kuɗinku. Hancin mai wankan ne ke gajiya da warin har ya daina ji, sai ƙanshin tumatir ya rage masa, ya ɗauka aiki ya yi. Wanda ya shigo daga waje shi zai faɗa muku gaskiya. Namu kuskuren kuma turare ne. Wata ƙawata mai jikoki uku ta kira ni wani dare, muryarta na rawa: "Yaya, gidan nan ba ya shiguwa." Ƙaramin jikan ne ya ji kukan kare ya buɗe masa ƙofar falo, karen ya shigo ya goga wuyansa a jikin kushin, ya bi kafet yana birgima, har gefen sallaya bai bari ba. Ita kuma ta ɗauko kasko ta zuba turaren wuta mai kyau, wanda aka kawo mata tsaraba daga Maiduguri. Na'urar gano hayaƙi ta ɗau ƙara, jaririya ta farka, warin bodari na nan daram, sai dai yanzu ya sami abokin tafiya. Ta ce mini har yau ba ta iya shaƙar wannan turaren.

Abin da ya fi kowanne aiki, kuma ya fi araha, haɗi ne na gida. Wani masanin sinadarai a jihar Illinois, Paul Krebaum, shi ya fito da shi, aka buga a mujallar Chemical & Engineering News a 1993. Haidurojin ɗin nan (hydrogen peroxide) da muke wanke ciwo da shi, mai kumfa, mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, kwalba guda babba, wadda ta kusa lita ɗaya. Sai bekin soda rubu'in kofi, da sabulun ruwa na wanke-wanke ƙaramin cokali ɗaya ko biyu. Sabulun ya narkar da man, iskar da haidurojin ke saki kuma ta sauya tayol ɗin zuwa wani sinadarin da ba ya wari. Wato kashe warin yake yi daga tushe. Duka ukun ana samunsu a kowane kantin magani ko babban kanti, kuma kuɗinsu 'yan daloli ne.

A lura da abin da ake ɗaukowa a kanta. Bekin soda aka ce, ba bekin foda ta kek ba, ba kuma kanwa ba. Haidurojin na rina gashi ya fi kashi 3 ƙarfi nesa ba kusa ba, zai ƙona fatar kare. Kwalbar da aka buɗe tun bara ta kusa komawa ruwa. A ɗiga kaɗan a magudanar wanke-wanke, in bai yi kumfa ba a zubar. Na fi son a sayi kwalba biyu ko uku sababbi a bar su a rufe, domin babban kare mai gashi yana cinye ninki biyu, kuma ba kasafai wanki ɗaya ke isa ba.

Yadda ake yi: a tsare karen a waje ko a gareji, a sa safar hannu ta roba da tsohuwar riga wadda ba a jin asarar ta. A fara dangwale man da takardar goge hannu, ba gogawa ba, dangwalewa. A haɗa maganin a buɗaɗɗen bokiti, a cuɗa shi cikin gashin tun yana bushe, tun haɗin na kumfa. A bar shi kamar minti 5, a ɗauraye da ruwa mai ɗumi, a maimaita in da saura, sannan a bi da sabulun wankan kare.

Aibinsa ba kaɗan ba ne, kuma kusan duka a kan kaka suke faɗawa. Ba a haɗa shi a ajiye. In aka zuba a gora aka rufe, iskar za ta taru ta fasa gorar, shi ya sa ba za ku taɓa ganin wannan haɗin a kan kanta ba. Dole sai a lokacin za a auna, da daddare, ana cikin ruɗani. Ba a bari ya shiga ido, kunne ko baki, alhali feshin galibi a fuska yake sauka, tunda da hanci kare ke zuwa bincike. In kare ya lasa da yawa zai yi amai. Baƙin kare na iya komawa ja-ja in haɗin ya daɗe a jikinsa, kuma zai kore launin zani ko kafet da ya zuba a kai. Abin da ya rage a bokiti a tsarma shi da ruwa a zubar nan take, kafin mai rarrafe ya iso wurin.

A nan ne magungunan kwalba suka sami wurin zama. A kantunan kayan dabbobi za ku ga irin su Nature's Miracle, Skunk-Off da Skout's Honor, kowanne da nasa na bodari. Sun fi haɗin gida tsada, amma ba awo, ba haɗawa, suna zama a ajiye, kuma ba sa fashewa. Ni a ganina a kan feshi mai yawa haɗin Krebaum ya fi su saurin kawo sauƙi, su kuwa suna son haƙuri da maimaitawa. Inda suka fi shi shi ne bayan wankan farko: ragowar wari a bayan kunne, a kan kushin, a kujerar mota. Abu uku nake karantawa a jikin kwalbar kafin na biya. Ko an rubuta ana sa shi a jikin dabba, domin wasu na kafet da tufafi ne kawai. Minti nawa ake barin sa. Da kuma ko sai an ɗauraye, domin wanda ba ya bukatar ɗauraya rahama ne ga wadda ba ta iya durƙuso gaban baho. Wanda ƙanshin furanni ya yi masa yawa ina mayar da shi inda na ɗauko, turare ne shi ma. In za a sa wani abu kusa da fuska, a jiƙa tsumma a shafa a hankali, ba a fesawa.

Masu wanke karnuka da aske su suna yin wankan bodari a biya su, wasu ma da mota suke zuwa har ƙofar gida. Ga wanda ba ya son taɓa kare sam, wannan ce mafita, kuma ba abin kunya ba ne. Sai dai ba sa aiki da tsakar dare, man kuwa yana ƙara kama gashi da kowace sa'a. Wasu kantuna, irin su Tractor Supply da Pet Supplies Plus, suna da wurin da mutum zai wanke karensa da kansa a wasu rassansu, baho mai tsayi wanda ba sai an sunkuya ba. Amma a tuna da motar da za ta kai shi. In ba a naɗe shi a tsohon bargo ba, an ƙara wa kai aiki na biyu, mai wuyar da ta fi ta farko.

Sanyi ma abin lissafi ne. Bodari na neman mace ne a watannin Fabrairu da Maris, lokacin da suka fi yawo, kuma a jihohin arewa lokacin ƙanƙara ce. Wankan waje a irin wannan dare haɗari ne ga kare, haɗari ne ga ƙugun tsohuwa. A tanadi faffaɗan baho na roba a gareji, da shimfiɗar da ba ta santsi.

Akwai inda sayayya ba ta da amfani, sai likitan dabbobi. A ajiye kwalbar ruwan gishirin wanke ido, a wanke masa ido da shi tun farko. In ja da kumburi ba su sauka ba, a kai shi. A duba jikinsa ko akwai cizo. Feshin ba ya ɗauke da ciwon haukan kare, amma cizo na ɗauke da shi, kuma bodari na cikin manyan masu yaɗa ciwon a tsakiyar Amurka da Kalifoniya. Ko karen ya yi rigakafi, in an cije shi a sanar da likita a ranar. Ba kasafai ba, feshi mai yawa kan lalata jinin kare: in ya yi laushi, dasashinsa ya yi fari ko ya yi duhu, fitsarinsa ya canza launi, ko da bayan kwana ɗaya ko biyu ne, kada a jira. In kuma jika ne ya sha wani abu daga kayan wankin, lambar cibiyar guba ta Amurka ita ce 1-800-222-1222, dare da rana. A manna ta a jikin firiji.

Cikin gida kuwa, a fara kashe na'urar ɗumama ko sanyaya gida, in ba haka ba ita za ta raba warin ɗaki-ɗaki, sannan a canza matatar iskarta. A buɗe tagogi. Tufafi da tawul a wanke da sabulu da rabin kofin bekin soda, a shanya a iska. Zafin na'urar busarwa yana dasa warin a cikin zare. Abin wuyan kare in na leda ne ya wanku, in na fata ne a haƙura a sayi sabo. Mai son sayen na'urar tace iska ya duba ko tana da matatar gawayi, domin mai tace ƙura kaɗai ba ta kama wari. Na'urar ozon da ake tallatawa a intanet, wadda ke sakin iskar ozon a ɗaki don kashe wari, kuma ba zan shigar da ita gidan da ke da yara, tsofaffi ko mai asma ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe tana gargaɗi a kan illarta ga huhu. Bilic na siminti da dakalin katako ne kawai, kashi ɗaya a ruwa kashi tara, ba ya taɓa jikin kare, kuma ba a gauraya shi da komai. Haka ma ba a haɗa khal da haidurojin a mazubi ɗaya.

Ni dai abin da na zaɓa wa gidanmu bokiti ne guda mai suna, a saman kanta a gareji inda hannun yaro ba ya kaiwa: haidurojin a rufe, bekin soda, ƙaramin sabulu, kwalba ɗaya ta maganin kanti, ruwan wanke ido, safar hannu, tsofaffin tawul, da takardar awo da babban jikana ya rubuta da manyan baƙaƙe don kada sai na nemi tabarau.

Sauran kuɗin a kashe su a bayan gida. Kwandon shara mai murfin da ke kullewa, fitilar da ke kamawa in ta ga motsi, da ragar waya mai ƙananan idanu da za a binne a gindin dakali da rumfar ajiya, tunda a ƙarƙashinsu bodari ke son yin rami. Kafin a toshe a tabbatar ba uwa da 'ya'ya a ciki, musamman a Mayu da Yuni. Kada a bar kwanon abincin kare a waje ya kwana. Kafur da wasu ke watsawa a gindin gini guba ne ga yara da kare, kuma dokar ƙasar ba ta yarda a yi amfani da shi haka ba. Tarko ma kowace jiha da dokarta. A Kalifoniya, misali, haramun ne mutum ya kama dabbar daji ya kai ta wani wuri ya saki. In kun ga bodari da rana tsaka yana tangaɗi, ba ya gudun mutane, a shigar da yara da kare ciki, a kira ma'aikatan kula da dabbobi na ƙaramar hukumarku.