Dasa reshe: da hodar fitar da saiwa ko haka nan?

Ƴan uwa masu lambun fulawa a Agege, ga bambancin. In ka soka reshe haka nan, sinadarin girman shuka (oksin) mai suna IAA da toho ke haɗawa shi ke gangarowa sannu sannu har gindi ya sa saiwa ta fito, matsalar kawai shuka na saurin lalata shi ko ta ɗaure shi da sinadarin amino asid ya daina aiki, itace mai tauri kuma yakan ja lokaci. Hodar IBA kuwa, wani oksin ɗin da ake shafa wa gindin reshe, ta fi jurewa, shukar ce ke maida ita IAA kaɗan kaɗan. Rogo dai baya buƙatar hoda, asarar kuɗi ce wallahi. Amma fulawar bogenbiliya ni hoda nake sa mata, ɗan kaɗan fa, in tayi yawa saiwar bata tsawo.